Tarihin Aikin Gyaran Hanci

Jama'ar Bagudo, da Illo, da Ka'oje, har ku na Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Benin, yau za mu ba ku labarin yadda likitoci suka koyi gyaran hanci don mutum ya sami numfashi sosai.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Tun zamanin da, wani likitan Indiya mai suna Sushruta ya rubuta yadda ake yanko fatar kunci a gina wa mutum hanci. Daga baya mutanen ƙasar suka koma ɗebo fatar goshi. Ba su raba ta duka, sai su bar gefe guda a manne don jini ya riƙa ratsa ta, sa'an nan su juyo ta bisa hanci. A 1814 likita Joseph Carpue ya gwada wannan dabara a Landan, ta kuwa yi kyau.

Akwai kuma wanda hancinsa lafiya lau daga waje, amma guringuntsin da ya raba kafofin biyu ya karkace, watakila saboda faɗuwa ko duka. Sai kafa ɗaya ta toshe, ya riƙa barci baki buɗe. A 1904 Gustav Killian na Jamus ya bayyana yadda za a bi ta cikin kafar a cire abin da ya karkace, ba tabo a fuska.

To, mu nan ɗaya daga cikin abubuwan da ke ɓata hancin yaranmu shi ne cutar noma, watau zaizayar baki. Takan kama ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Daga dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe da hanci. Saboda ita aka buɗe asibitin yara na noma a Sakkwato a 1999, inda ake irin wannan gyara kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon Nijeriya.

Saboda haka, in kun ga dasashin yaro yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya kumbura, kada ku ce iska ce. Ku kai shi wurin malamin asibiti ran nan, gama tun da wuri magani yana tsai da ita. Wanda ta riga ta ɓata wa fuska kuwa, ko babba ne, kada ku ɓoye shi a ɗaki. Ku nemi takardar zuwa Sakkwato.

Allah ya ba mu lafiya, amin.