Ma'aunin Batsa a Gaban Alƙali: Daga Ikko zuwa Kano

Wannan maƙala ta dubi yadda kotu ke gane batsa a littafi ko fim, musamman ga Hausawan Idi-Araba da Agege, waɗanda ke zaune a Ikko amma suke kallon abin da aka shirya a Kano.

Ma'aunin da kotunan Kudu suka gada ya samo asali ne daga Ingila. A shari'ar Hicklin ta 1868, Mai Shari'a Cockburn ya yanke cewa abin lura shi ne ko rubutun na iya ɓata tarbiyyar wanda zai faɗa hannunsa. Shafi ɗaya ya isa ya halaka littafi. Dokar Ingila ta 1959 ta sassauta: a auna aikin dungurungum, a kuma saurari masana kan amfaninsa ga adabi ko ilimi. Da wannan ne kamfanin Penguin ya kuɓuta a 1960 a shari'ar littafin D. H. Lawrence. A 1961 Nijeriya ta kwaikwayi wannan doka domin birnin Ikko. Ke nan alƙali ba ƙyamarsa yake aunawa ba, illar abin ga masu karatu ko kallo yake nema, wanda kuwa tabbatar da shi a gaban kotu ba ƙaramin aiki ba ne.

Kano ta bi wata hanya. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha a 2001, ko da yake akwai ta tarayya tun 1993. A 2007, sakamakon wani hoton waya da ya tayar da ƙura, hukumar ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta matsa lamba ta hanyar kotun tafi-da-gidanka. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan zargin rashin rajista da sakin fim ɗin Tsintsiya ba tare da tacewa ba. Babbar Kotu ta soke hukuncin a 2009.

Abin lura a shari'ar Iyan-Tama shi ne tambayar ta sauya. Ba a tsaya auna illar fim ga mai kallo ba, takardar izini aka nema, domin ita ta fi sauƙin tabbatarwa. Faifan da ya kai mutum kurkuku a Kano kuwa, da a ce a shagon Idi-Araba aka kama shi da sunan batsa, sai mai gabatar da ƙara ya nuna wa alƙali tarbiyyar wa zai ɓata.