FASHIN BAƘI: Idan motar lantarki ta ƙi shan caji, ina matsalar take, kuma me ya rataya a wuyan dillali?

A watan Afrilun 2021 Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda ita ce irinta ta farko a Najeriya. Shugaban hukumar na lokacin, Jelani Aliyu, Basakkwace ne, kuma shi ne ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Motar da aka riƙa nunawa a wancan lokaci ita ce Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, aka ƙaddamar da ita a ƙarshen 2020.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya mayar da zancen daga baje koli zuwa lissafin aljihu. A Disamban wannan shekara Gwamnatin Borno ta fito da tasi-tasi masu lantarki a Maiduguri, sannan a Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta cire wa irin waɗannan motoci harajin VAT. Sai dai jawabin ƙaddamarwa ba ya kaiwa ga ranar da mota za ta kwana a jikin wuta gari ya waye ba ta sha ba, a kai ta wurin dillali, a ce an gyara, bayan mako biyu ta koma gidan jiya.

A gabashin Sakkwato wannan ba ƙaramar magana ba ce. Daga birnin Sakkwato zuwa Sabon Birni ta Goronyo tafiyar fiye da kilomita 100 ce, kuma a kan wannan hanya 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a Yulin 2024, kafin a samu labarin rasuwarsa a hannunsu a watan Agusta. A Disamban 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a yankin Gidan Bawa. Hanyar Isa da ta ratsa dajin Gundumi kuwa ta daɗe direbobi suna gudunta. Motar fetur da ta tsaya a irin waɗannan wurare ana iya kawo mata galan a kan babur. Ta lantarki ba ta da wannan gata.

Yadda wuta ke shiga mota

Abin da mutane ke kira caja, wato akwatin da ake maƙalawa a bango ko wayar da ke zuwa tare da mota, a zahiri mai gadi ne kawai. Aikinsa shi ne ya tabbatar layin lafiya yake, ya shaida wa mota yawan wutar da za ta iya ja, sannan ya buɗe ƙofa. Ainihin cajar tana cikin motar, ita ce ke juya wutar gida zuwa irin wadda batir ke adanawa. A samanta akwai kwamfutar da ke lura da zafi da ƙarfin kowane ɓangare na batirin, kuma ita ke da ikon rage caji ko tsayar da shi. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda ke tayar da kwamfutocin. Idan ya yi sanyi, motar ba za ta karɓi caji ba, ko da babban batirinta lafiya lau yake.

Wannan shi ya sa kalmar "batir ya lalace" ke yawan zama hukuncin gaggawa. Babban batirin shi ne mafi tsada a jikin motar, amma sau da yawa ba shi ne mai laifi ba.

Laifin da ke wajen mota

A Arewa, wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne wutar kanta. An tsara layin gida a Najeriya a kan bolt 230, amma duk wanda ya zauna a ƙarshen layin taransfoma ya san yadda ƙwan fitila ke yin ja da daddare. Idan ƙarfin wuta ya faɗi ƙasa da abin da cajar ta yarda da shi, sai ta yanke, in ya dawo ta kama, haka za a kwana ana yi. Abu na biyu shi ne wayar kariya da ake binnewa a ƙasa. Gidaje da yawa an yi musu wayarin ba tare da ita ba, ko kuma ƙarfen da aka kafa yana cikin busasshen yashi wanda ba ya aiki da rani. Cajoji da dama ba sa sakin wuta sai sun ji wannan waya, kuma yawancin ƙananan janareto ba su da ita.

Lissafin lokaci ma yana ruɗar masu saye. Babban batirin Kona yana ɗaukar kilowat-awa 64. A akwatin bango mai kilowat 7.2 yana cika cikin sa'o'i tara zuwa goma, amma a soket ɗin ɗaki mai kilowat 2.3 sai ya haura sa'o'i 28. A garin da wutar Kaduna Electric ba ta zama, ko ma ba ta zuwa, sai sola da inji, motar da ta kwana a soket ta tashi da kashi ɗaya cikin huɗu ba ta lalace ba. Haka abin yake. Soket ɗin ɗaki kuma ba a yi shi don ya kwana yana ɗauke da wannan nauyi ba. Filogin da ya yi zafi ko ya fara baƙi alama ce ta gobara, ba ta gyaran mota ba.

Sai zafi da ƙura. Batirin litiyam ya fi son yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Afrilu zafin Sakkwato kan zarce 40. Motar da ta sha tafiya da rana aka jona ta nan take, kwamfutarta za ta rage gudun cajin don kare batirin. Ƙurar hunturu kuma takan cika bakin da ake soka waya har ƙaramin makullin da ke riƙe filogi ya kasa kamawa, in kuwa bai kama ba caji ba zai fara ba. Akwai kuma rashin jituwar baki: motocin Turai, da na Amurka, da na Chana, da tsofaffin Nissan Leaf na Japan kowanne da nasa, kuma mahaɗi mai arha da ake sayowa don daidaita su kan zama tushen rigimar.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a jona motar a wani wuri daban, da wata waya daban. Idan ta sha, matsalar tana gida. Idan ta ƙi a ko'ina, lokacin dillali ya yi.

Lokacin da laifin na masana'anta ne

Tarihin shekarun nan ya nuna cewa mai mota da ya ce an gyara amma ba ta gyaru ba, ba lallai ne ya zama mai ƙorafin banza ba. A Oktoban 2020 Hyundai ya yi wa motocin Kona kiranye saboda gobara, kalmar da 'yan siyasa suka fi sani da wata ma'ana, ya sabunta musu manhaja. A Janairun 2021 wata Kona da aka riga aka yi wa wannan aiki ta kama da wuta a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. A watan Fabrairu kamfanin ya sanar da cewa zai sauya batir ɗungurungum a motoci kusan 82,000 a faɗin duniya, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala miliyan 900.

Misalin da ya fi kusa da matsalar caji shi ne na na'urar da ake kira ICCU a motocin Ioniq 5 da Ioniq 6 da Kia EV6 da wasu samfuran Genesis, wadda ke cajin ƙaramin batir daga babba. Idan ta ƙone, ƙaramin batirin zai zuƙe, motar ta rage gudu, daga bisani ta tsaya a tsakiyar hanya. A Maris 2024 an yi kiranyen motoci kimanin 147,000 a Amurka. A Nuwamban shekarar aka sake kiran fiye da 208,000, har da waɗanda aka riga aka duba a karon farko. Makaniken da ya sauya wa irin wannan mota ƙaramin batir ya sallami mai ita, ya yi maganin zazzaɓi ne ya bar sauron a ɗaki.

Lambar shasi ce ke nuna ko wata mota tana cikin kiranye. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, tana da shafin intanet da ake saka lambar kyauta, abin da ke da amfani ga duk wanda ya sayi mota 'yar Kwatano da ta fito daga can.

A gaban dillali

Babban makamin mai mota shi ne takarda. Duk lokacin da cajin ya yanke, a rubuta rana da lokaci, da inda aka jona, da kashin da batirin yake, a ɗauki hoton saƙon da ya fito a allo. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ta saba ɓuya idan an isa gareji, kuma "mun duba ba mu ga komai ba" ita ce amsar da ke cinye wa'adin garanti.

Motar tana adana lambobin kuskure a kwamfutarta. Mai ita yana da dalilin neman a ba shi su a rubuce kafin a goge, domin goge lamba yana kashe fitilar gargaɗi, ba ya kashe cutar. Ya kuma nemi takardar aiki mai kwanan wata da sa hannu, wadda ta fayyace abin da aka sauya da manhajar da aka ɗora, tare da rahoton lafiyar babban batiri. Kafin ya karɓi makulli, a jona motar a gabansa ta ɗauki lokaci tana sha. Idan matsalar ta dawo, wasiƙa zuwa ga uwar kamfani ko wakilinta na ƙasa, ɗauke da kwafin takardun baya, ta fi kiran waya goma.

Garantin batir da manyan kamfanoni suka saba bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, amma yawanci yana aiki ne a kasuwar da aka sayar da motar tun farko. Wadda aka shigo da ita ta hannun ɗan kasuwa na iya isowa ba tare da shi ba, tambayar da ya kamata a yi kafin biyan kuɗi. Buɗe babban batiri a garejin bakin titi kuma yana soke garantin, bayan haɗarin wuta mai bolt kusan 400, a wasu motocin ma 800, da ke bin wayoyin nan masu ruwan lemo.

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin watanni uku da karɓarsa, a gyara masa, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar ta sha nanata cewa rubutun "ba a mayar da kuɗi" a jikin rasit ba ya soke wannan haƙƙi, kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet.

Sai dai ga mazaunin Isa ko Sabon Birni, haƙƙin yana da kuɗin mota. Ƙwararrun da ke da na'urar binciken waɗannan motoci sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma motar lantarki da ta mutu ba a jan ta da igiya kamar ta fetur, sai an ɗora ta a bayan babbar mota, domin juyawar tayoyinta na iya lalata injin. Saboda haka wanda zai biya ɗaukar motar, da inda za a kai ta, da kwanakin da kayan gyara za su yi kafin su iso, sharuɗɗa ne da ya kamata su shiga takardar ciniki. Haka nan ga duk wata gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma da za ta sayo motoci ko Keke Napep masu lantarki da kuɗin jama'a: kwangilar da ta ambaci adadin motoci da ranar biki, ba ta ambaci wurin gyara da horar da makanikai da tsawon garanti ba, ita ce ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su nemi a buɗe musu ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011.