Ilimin Motsa Jiki a Matsayin Darasin Jarrabawa da Shigar 'Yan Mata: Nazari a Kan Ƙofar Kibo, Birnin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi faɗaɗa ilimin motsa jiki a jarrabawar ƙasa da tasirinsa ga 'yan matan Ƙofar Kibo. An yi amfani da hanyar nazarin takardu, wato manhajar karatu da tsarin hukumomin jarrabawa da rahotannin lafiya. Maƙalar ta nuna cewa jarrabawa ta ɗaga darajar darasin, amma rashin fili da malama da suturar da iyaye za su yarda da ita shi ne abin da ke tare 'ya mace.

1.0 Gabatarwa

Ƙofar Kibo na ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zazzau, kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Zariya gari ne na ilimi. A nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, kuma tana horar da malaman motsa jiki. Duk da haka, iyaye da yawa na ɗaukar darasin a matsayin wasa kawai, abin da ake yi in an gama karatu.

2.0 Matsayin Darasin a Jarrabawa

A manhajar ilimin bai-ɗaya da aka sabunta a 2012, an cusa motsa jiki da kiwon lafiya ƙarƙashin darasin kimiyya da fasaha na matakin farko. A babbar sakandare kuwa, darasin zaɓi ne a jarrabawar WAEC da NECO. Babban sauyi ya zo a 2022, lokacin da JAMB ta sa shi cikin darussan jarrabawar shiga jami'a, tare da ilimin kwamfuta. Daga nan ɗaliba na iya neman gurbin jami'a da darasin da ta ƙware a kai.

Sai dai akwai giɓi. Jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta, don haka yarinya za ta iya haddace dokokin ƙwallon raga ta ci, alhali ba ta taɓa riƙe ƙwallon ba. Ita kuwa WAEC tana da ɓangaren aiki a fili, kuma a nan ne 'yan mata ke ja da baya.

3.0 Abubuwan da ke Hana 'Yan Mata

Matsalar ba ta Zariya ba ce kaɗai. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya gano cewa kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsa jiki, a maza kuwa kashi 78. Hukumar ta ba da shawarar minti 60 kowace rana.

A cikin birni dalilan uku ne. Na farko fili: gidaje sun cunkushe, 'yan filayen da suka rage kuma samari sun mamaye su da tamaula. Na biyu malami: uba zai yi nauyin barin namiji ya koyar da budurwar 'yarsa guje-guje. Na uku sutura da idon jama'a, domin kunya ginshiƙin tarbiyyar Bahaushiya ce.

Babu ɗaya daga cikin dalilan nan da ke nuna ƙin motsa jikin kansa. Gaɗa da 'yar gala-gala wasannin 'yan mata ne da ke ƙunshe da tsalle da juyi da juriya, kuma iyaye mata da kakanni sun yi su a dandali. Batun sutura ma ya samu sauƙi, tunda an halatta sa hijabi a ƙwallon ƙafa ta duniya a 2014, ƙwallon kwando kuma a 2017.

4.0 Shawarwari

Na ɗaya, gwamnatin Jihar Kaduna ta tanadi filaye masu katanga a makarantun 'yan mata, musamman ta hanyar shirin AGILE na Bankin Duniya da jihar ke ciki. Na biyu, a ɗauki ɗalibai mata a sashen motsa jiki na jami'a da tallafin karatu, in sun kammala a tura su koyarwa a makarantun cikin birni. Na uku, a amince da doguwar riga da wando da hijabi a matsayin kayan wasanni. Na huɗu, a shigar da wasannin gargajiya na mata cikin darasi, a kuma gayyato masu unguwanni da malaman addini da iyaye mata su gani da idonsu.

5.0 Kammalawa

Sanya darasin a jarrabawa mataki ne mai kyau, amma bai wadatar ba. Muddin ba a samar wa 'yar Ƙofar Kibo fili da malama da suturar da ta dace ba, maza ne za su ci gajiyar wannan sauyi. Nauyin gyaran yana wuyan hukumomin ilimi da iyaye baki ɗaya.