Yadda Aka Reni Fastoci a Bakin Kogin Wuri

Duk Bahaushen da ya sauka Duwala, kafin ya gama tambayar masauki an nuna masa hanyar New Bell. Can unguwar Hausawa take, da masallacinta da mahautanta da telolinta. Amma ranar Lahadi da hantsi, in ka fito ƙofar gida, waƙoƙin coci ne za su cika maka kunne ta kowace kusurwa, wannan da harshen Duwala, wancan da na Basa, wani da Faransanci. Mu dai mun san yadda ake yin malami a wurinmu: allo, sannan zaure, sannan shekaru ana bin littattafai ɗaya bayan ɗaya a gaban wani babba. To su maƙwabtan namu, wa ya koyar da masu tsayawa gabansu? Labarin ya haura shekara 170, kuma ya haɗa hanya da labarin kafuwar unguwar kanta.

A 1845 wani Baturen Ingila mai suna Alfred Saker, ɗan mishan na ɗarikar Baftis, ya zauna a ƙasar Sarki Akwa. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, ko da yake sunansa ne ya fi fita. Akwai baƙar fata 'yan Jamaika, zuriyar bayi, irin su Joseph Merrick da ya zauna Bimbiya da Joseph Jackson Fuller. Saker mai sana'ar hannu ne, don haka makarantarsa ta fi kama da gidan koyon sana'a. Yaro zai koyi yin tubali da kafinta da ɗab'i, ya koyi karatu, in ya nuna ƙwazo a tura shi wa'azi. An yi baftismar farko a kogin Wuri a 1849. A 1855 aka naɗa Thomas Horton Johnson, wanda ya zo daga tsibirin Farnando Po, fasto. A 1866 aka naɗa George Nkwe, ɗan ƙasa na farko da ya sami wannan matsayi, kuma asalinsa bawa ne. A garin da 'ya'ya ba sa haɗa kafaɗa da bayi, sai ga bawa yana tsayawa gabansu yana musu faɗa. Aka fassara Sabon Alkawari da harshen Duwala a 1862, Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya a 1872.

Da Jamus ta karɓi ƙasar a 1884, Turawan Ingila suka tattara nasu ya nasu, suka miƙa aikin ga mishan na Basel a 1886. Nan aka fara samun saɓani. Kiristocin Duwala sun saba riƙe kuɗinsu da zaɓen shugabanninsu, sababbin baƙin kuwa suna so komai ya bi ta hannunsu. Ba a jima ba Fasto Joshua Dibundu ya ja jama'arsa suka ware, suka zama cocin Baftis na 'yan ƙasa.

Gaskiya 'yan Basel sun iya tsara makaranta. Akwai ƙananan makarantu a ƙauyuka, da ta tsakiya a Bonaberi, da ta horar da malamai masu wa'azi a Buwaya, gindin dutsen Kamaru. Sun yaye malamai da yawa. Inda suka riƙe hannu shi ne wajen naɗi. Sai 1901 suka naɗa fastonsu na farko, Johannes Deibol, sannan aka yi ta jira har 1912 kafin a naɗa wasu uku: Jacob Modi Din da Joseph Ekollo da Joseph Kuoh. Hujjarsu ita ce mutanen ba su nuna ba tukuna. A ganina tsoron sakin linzami ne kawai, irin wanda ya sa samarin mishan na Ingila suka wulakanta Bishop Samuel Ajayi Crowther a bakin Kwara wajen 1890, dattijon da aka naɗa tun 1864.

Sai ga 1914. Gwamnatin Jamus ta riga ta ƙudurta kwashe mutanen Duwala daga bakin ruwa don Turawa su zauna su kaɗai, a bar filin kilomita ɗaya tsakani, a mayar da baƙar fata can baya cikin fadama. Wurin da aka ware wa gidan Bell shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya ƙi amincewa. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914, duk da roƙon da wasu shugabannin mishan suka yi. Kafin ƙarshen Satumba sojojin Ingila da Faransa sun ci garin, aka kwashe 'yan mishan Jamusawa.

A nan ne aka ga amfanin waɗanda aka ce ba su nuna ba. Fastoci ukun nan da malaman ƙauye su suka riƙe coci, babu kuɗin Turai, babu mai ba da umarni. Da mishan na Faris ya iso a 1917 ƙarƙashin Elie Allégret, ya tarar da jama'a suna taruwa yadda suka saba. Modi Din ma ya riƙa hawa tuddan yamma, ɓangaren da ya faɗa hannun Ingila, yana baftisma a wuraren da ba su sake ganin ɗan Basel ba sai 1925.

Wanda ya fi shan wuya shi ne Adolf Lotin Same, faston Baftis da aka naɗa a 1908, mai tsara waƙoƙin coci da harshen Duwala. Ya ƙi yarda ya koma ƙarƙashin mishan na Faris. Hukumar Faransa ta ɗauke shi ɗan tawaye, ta rufe majami'unsa, ta ɗaure shi. Ya rasu a 1946, sai bayan haka aka amince da cocinsa a hukumance.

Ita kuwa New Bell, yawancin 'yan Duwala sun ƙi tarewa cikinta, sai ta zama ta baƙi: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke daga yamma, Basa da Ewondo daga daji. Wannan ya jawo wa masu horar da fastoci wata matsala. An koyar da mutum da littafin Duwala, ga shi gaban leburorin tasha da ba sa jin Duwala, kuma ba sa son a ce sai sun bi ta harshen masu gari kafin su yi ibada. Dole ikilisiyoyi suka rarrabu bisa harshe. Makarantar tauhidi ta mishan na Faris ma ba a Duwala ta zauna ba, a Ndunge take, kusa da Nkongsamba, ƙarshen layin dogon da ya tashi daga Bonaberi.

Bari in ɗan ratse. A Arewacin Nijeriya an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma da Hausa aka horar da ɗimbin masu bishara daga ƙabilun Filato da Kudancin Zariya, a makarantu irin ta Kagoro, kafin a buɗe kwalejin tauhidi ta Bukuru a 1959. A New Bell kuwa Hausa ta tsaya harshen masallaci da kasuwa. Fasto yakan zo wurin Bahaushe sayen nama ko ɗinkin riga, a yi ciniki da Turancin buroka, a rabu lafiya.

Katolika sun naɗa limamansu 'yan ƙasa na farko, su takwas, a Disamba 1935. Cocin da suka fito daga hannun mishan na Faris sun sami cin gashin kansu a Maris 1957, kusan shekara uku kafin ƙasar kanta. A 1958, a taron ƙungiyoyin mishan na duniya a Gana, aka kafa asusun dala miliyan 4 don ilimin tauhidi, rabinsa daga aljihun John D. Rockefeller ƙarami. Yana cikin waɗanda suka tallafa wa babbar makarantar tauhidi da aka buɗe a Yawunde farkon shekarun 1960, don ƙasashen Afirka masu Faransanci. Naɗi ya dawo hannun 'yan ƙasa, amma littattafai da malamai da kuɗin gini sun daɗe suna zuwa daga ƙetare.

Bayan dokar 'yancin ƙungiyoyi ta 1990, sababbin coci suka tsiro a shaguna da ɗakunan haya na New Bell da sauran unguwanni, da yawa cikin fastocinsu ba su taɓa taka Ndunge ko Yawunde don karatu ba. Tsofaffin ɗarikun suna ce musu marasa horo, su kuma suna cewa kira daga Allah yake. A 2013 gwamnatin Paul Biya ta sa aka rufe da dama daga cikinsu saboda ba su da rajista.