Manhajojin Binciken Kalmomi na Kyauta da Masu Rahusa: Jagora ga Masu Shafukan Hausa

Duk wanda ya buɗe shafin intanet, na labarai ne ko na kasuwanci, yakan ci karo da matsala guda: ya yi rubutu mai amfani, amma masu neman irin wannan bayani ba sa isowa gare shi. Sau da yawa dalilin bai wuce cewa kalmomin da marubucin ya zaɓa sun sha bamban da waɗanda jama'a ke rubutawa a akwatin binciken Google ba. Aikin gano waɗannan kalmomi shi ake kira binciken kalmomi, kuma shi ne matakin farko na gyara shafi yadda injinan bincike za su gane shi su nuna wa mutane, sana'ar da aka fi sani da haruffan SEO.

Manyan manhajojin da ƙwararru ke amfani da su a wannan aiki na kuɗi ne. Ahrefs, mai hedikwata a Singafo, da Semrush na birnin Boston a Amurka, suna sayar da manyan tsare-tsarensu a kan fiye da dala 100 a wata. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, wannan kuɗi ya fi ƙarfin yawancin ƙananan shafuka. Sai dai kafin mai shafin Hausa ya yi baƙin cikin rashin su, yana da kyau ya san inda alƙalumansu ke fitowa. Ƙiyasi ne, wanda ake haɗawa daga bayanan tallan Google da kuma bayanan zirga-zirgar masu amfani da intanet da kamfanonin ke saye. Irin wannan ƙiyasi yana da ƙarfi a Turanci da sauran harsunan da ke da ɗimbin masu bincike, amma idan aka zo kan Hausa sai ya yi rauni. Kalmar da mutane ke nema da gaske tana iya fitowa da sifili, ko kuma a rasa ta kwata-kwata a rumbun. Don haka mai rubutu da Hausa ya fi samun gaskiya a wajen manhajojin kyauta da ke ɗebo bayani kai tsaye daga injin binciken kansa.

Search Console: abin da masu karatunka suka rubuta

Mafi daraja a cikinsu shi ne Google Search Console, wanda kafin 2015 ake kira Webmaster Tools. Kyauta ne, amma sai mai shafi ya tabbatar wa Google cewa shafin nasa ne, ta hanyar saka wata lamba a bayanan adireshin shafin ko ɗora ɗan fayil da aka ba shi. Da zarar an gama, rahoton aikin shafin zai riƙa nuna jimlolin da mutane suka rubuta har shafin ya bayyana musu, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka latsa shi, da kuma matsakaicin matsayinsa a jerin sakamako. Bayanan suna komawa baya har watanni 16.

Muhimmancinsa ya ƙaru tun daga 2011, lokacin da Google ya fara ɓoye kalmomin bincike daga manhajojin ƙididdigar baƙi, matakin da ya game kusan dukkan bincike a 2013. Wanda ya dogara da Google Analytics kawai zai ga yawan mutanen da suka shigo, amma ba zai ga abin da suka rubuta ba.

Akwai hanyoyi biyu na karanta wannan rahoto da suka fi saurin biyan buƙata. Ta farko ita ce a nemo jimlolin da shafin ke tsakanin matsayi na 11 da na 20 a kansu, wato yana bakin ƙofa amma bai shiga sahun farko ba. Ƙarin bayani kaɗan ko gyaran kanun rubutun yakan ɗaga irin waɗannan. Ta biyu ita ce a duba jimlolin da shafin ke yawan bayyana a kansu amma ba a latsa shi, domin wannan alama ce cewa kanun bai amsa tambayar da aka yi ba. Idan mutane suna rubuta "farashin masara a Dawanau" amma kanun ya ce "Halin da kasuwar hatsi ke ciki", mai bincike zai wuce zuwa wanda ya ambaci masara da kasuwar.

Yana da nasa gejin. Teburin ba ya nuna fiye da layi 1,000 a lokaci guda, kuma Google yana ɓoye jimlolin da mutane ƙalilan suka nema, domin kare sirrinsu. Wannan ya fi shafar ƙananan shafuka, inda yawancin bincike na ɗaiɗaiku ne. Bugu da ƙari, yana nuna inda shafin ya riga ya bayyana ne kawai. Sabon batu sai an nemo shi ta wata hanya.

Akwatin binciken kansa

Hanyar da ta fi kowace sauƙi ita ce shawarwarin da Google ke jerowa yayin da mutum ke rubutu a akwatin bincike. An fara gwajin wannan tsari a 2004, ya shiga babban shafin Google a 2008, kuma yana dogara ne da abin da mutane suka taɓa nema. A rubuta "yadda ake", a bi shi da harafin a, sannan b, sannan c, har ƙarshen baƙaƙe, ana kwafe abin da ya fito. Haka za a yi da "mene ne", "farashin", "maganin", "addu'ar" ko "ma'anar". Cikin rabin sa'a mutum zai tara jerin batutuwan da zai daɗe yana rubutu a kansu. Ya kamata a yi wannan a tagar sirri ta burauza, saboda tarihin binciken mutum yana shafar abin da ake nuna masa. A kuma leƙa ƙasan shafin sakamako, inda ake jera bincike masu alaƙa, tare da akwatin tambayoyin da wasu suka yi.

Akwatin binciken YouTube ma yana yin haka, kuma ga mai Hausa bai kamata a raina shi ba, ganin yadda karatun malamai, finafinan Kannywood da darussan girki suka cika dandalin. Shafuka irin su KeywordTool.io da AnswerThePublic wannan aikin suke yi da na'ura: suna tattara shawarwarin su jera. Na farkon yana ba da jerin kyauta amma yana rufe alƙaluman sai an biya. Na biyun, wanda kamfanin Neil Patel ya saya a 2022, yana ba da damar bincike kaɗan a rana.

Google Trends da Keyword Planner

Google Trends, wanda aka buɗe a 2006, yana da bayanai tun daga 2004. Mutane da yawa suna yi masa gurguwar fahimta. Ba ya faɗin adadin waɗanda suka yi bincike. Yana ba da maki daga 0 zuwa 100, inda 100 ke nufin lokacin da kalmar ta fi tashe a tsakanin wa'adin da aka zaɓa. Sifili kuma sau da yawa yana nufin bayanan ba su kai a nuna ba. Amfaninsa yana wajen kwatance: ana iya gwama kalmomi da dama, a taƙaita su ga Najeriya, a kuma ga jihohin da suka fi nema. A nan ne edita zai raba gardama tsakanin "yanar gizo" da "intanet", ko tsakanin "jarrabawa" da "jarabawa", maimakon ya bi son ransa.

Yana kuma taimakawa wajen sanin lokaci. Batutuwan azumi, ragon layya, aikin Hajji, takin zamani da sakamakon JAMB duk suna da kakarsu. Tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, ba daidai ba ne a dubi watan bara kawai a ce nan ne za a sake ganin tashin. A buɗe shekara biyar a ga makonni nawa kafin azumi binciken ke fara hawa, sannan a wallafa rubutun kafin lokacin, domin injin bincike yana buƙatar kwanaki kafin ya gano sabon shafi ya ba shi matsayi.

Keyword Planner kuwa yana cikin Google Ads, kuma don masu talla aka gina shi a 2013. Ana iya amfani da shi ba tare da sayen talla ba, kodayake sai an buɗe asusu, kuma akan nemi bayanan hanyar biyan kuɗi. Tun daga 2016, asusun da ba ya kashe kuɗin talla sosai ba ya ganin takamaiman adadi, sai tazara mai faɗi kamar 1,000 zuwa 10,000 a wata. Duk da haka yana da amfani, musamman da yake ana iya taƙaita shi ga jiha ɗaya kamar Kano ko Kaduna. A bar zaɓin harshe a kan dukkan harsuna. Sannan a kula da sashen da ke nuna ƙarfin gasa: gasar masu talla yake nufi, ba wahalar samun matsayi a sakamakon kyauta ba. Wannan kuskure ya sa mutane da dama sun guji kalmomin da babu mai rubutu a kansu.

Sauran na kyauta ba sa buƙatar dogon bayani. Bing Webmaster Tools na Microsoft yana da sashen binciken kalmomi, sai dai masu amfani da Bing a Najeriya ba su da yawa. Ahrefs Webmaster Tools, wanda aka fitar a 2020, yana bai wa mai shafi damar duba nasa shafin kyauta. Ubersuggest, Moz da Semrush suna da asusun kyauta mai ƙayyadadden adadin bincike. Keyword Surfer ɗan ƙari ne da ake liƙa wa burauzar Chrome, yana nuna ƙiyasi a gefen sakamako. Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba: manhajar ƙididdigar karatu ta Wikimedia, wadda ke nuna muƙalolin Wikipedia ta Hausa da aka fi buɗewa, da bayanai tun daga tsakiyar 2015.

Matsalar ƙugiya da kalmar ɗakin labarai

Babu wata manhaja, ta kyauta ko ta kuɗi, da za ta warware wa mai Hausa matsalar rubutu. Daidaitacciyar Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ da 'y, amma yawancin masu bincike da waya ba sa saka ƙugiya. Mai neman "kuɗi" zai rubuta "kudi", mai neman "zaɓe" zai rubuta "zabe". A Jamhuriyar Nijar kuma ana rubuta ƴ inda mu ke rubuta 'y. Ga raba kalma da haɗe ta: ɗanwake, ɗan wake, danwake. Kowane salo layinsa daban a Search Console, don haka kalmar da ta yi kamar ba ta da masu nema tana iya zama a warwatse ne gida uku ko huɗu. Tun 2021 manhajar tana da matatar da ke karɓar tsarin alamomi. Idan aka rubuta ku[dɗ]i a cikinta, za ta haɗo salon biyu wuri ɗaya. Wannan ba hujja ba ce ta zubar da ƙugiya a rubutu, domin bambancin baki da baƙi ko kafa da ƙafa ba abin wasa ba ne. Abin da za a iya yi shi ne a bar adireshin rubutun da baƙaƙe marasa ƙugiya, a kiyaye ƙa'ida a cikin rubutun kansa.

Mu masu fassara muna da namu laifin. Mun saba da dogayen sunaye irin "hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu" ko "lambar shaidar ɗan ƙasa", alhali ɗalibi JAMB yake rubutawa, mai neman rajista kuma NIN. Da yawa ma sukan gwamutsa Hausa da Turanci a jimla guda. Kanun da bai ɗauki gajeren sunan da jama'a suka sani ba yakan ɓace, komai kyan Hausarsa. Maslaha ita ce a sa sanannen suna a kanu, a kawo cikakkiyar fassarar a jimlar farko.

Idan ya zama dole a biya

Biya yana da ma'ana ga wanda ke rubutu da Turanci ma, ko yake son ganin kalmomin da ke kawo wa abokan gasarsa baƙi, abin da manhajojin Google ba sa nunawa. Keywords Everywhere, wanda ya daina zama kyauta a 2019, yana aiki da tsarin sayen maki, kuma yana cikin mafi rahusa. KWFinder na kamfanin Mangools shi ma bai kai manyan tsada ba. Ga wanda ke buƙatar Ahrefs ko Semrush, ya fi sauƙi ya tara tambayoyinsa, ya biya wata ɗaya, ya sauke bayanan, sannan ya kashe sabuntawa ta kai tsaye kafin a sake cire masa kuɗi. Asusun haɗaka da wasu ke tallatawa a WhatsApp da Telegram a kan 'yan dubban Naira ya saɓa wa sharuɗɗan kamfanonin, ana iya rufe shi kowane lokaci, kuma sau da yawa yana zuwa da ƙarin manhajar burauza da ba a san abin da take kwasa ba.

Bayan an samo kalmomin, cusa su a kowane layi yana cikin abubuwan da ƙa'idojin Google suka lissafa a matsayin maguɗi, kuma tun 2009 kamfanin ya bayyana cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayanan kan shafi. Wuraren da suka dace su ne kanu, sakin layi na farko da ƙananan kanu. Tun da Google ya sanar a 2024 cewa ya ƙara Hausa cikin harsunan binciken murya, mai shafi ya riƙa tace rahotonsa yana neman jimlolin da suka fara da "yaya", "yaushe", "nawa ne" da "ina zan", domin wanda ya yi magana da waya cikakkiyar tambaya yake yi, kuma kowace irin wannan tambaya tana iya zama ƙaramin kanu a rubutu na gaba.