Daffon Gusau da Dukiyar da Ke Mutuwa a Tsaye

Yau daga Magami nake magana, kuma tarihi za mu ɗan taɓa.

Jirgin ƙasa ne ya ɗaga Gusau. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya kai Kaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka riƙa gangarawa kudu. Da manyan motoci suka ƙwace dako, sai layin ya koma abin nuna wa yara.

Daga baya aka zuba kuɗi a harkar mai. An buɗe matatar Kaduna a 1980, mai ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, aka ja bututu ta Zariya zuwa daffon NNPC na Gusau. Lissafin shi ne mai ya zo ta ƙarƙashin ƙasa, tanka ta ɗauka nan kusa. Matatar ta tsaya, bututun ya bushe, tankokinmu suka koma doguwar tafiya kudu. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin wannan tafiyar a wuyan ɗan kabu-kabun Magami da mai injin ban-ruwa yake ƙarewa.

Irin wannan masana kuɗi ke kira kadarar da ta maƙale: ƙarfen na nan, aikin ya tafi.

To, namu dai sakaci ne ya kashe shi, kada mu ɗora wa sauyin yanayi. Amma ku dubi teku. Kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin kayan da jiragen ruwa ke ɗauka gawayin kwal ne da mai da gas. A 2023 hukumar IMO ta amince harkar jiragen ta daina ƙara hayaƙi a sama wajen 2050. Jirgin dakon mai da aka ƙera yau kuwa ana sa ran ya yi shekara 25 yana aiki, kuma ba a wayi gari an loda masa masara ba. Idan cinikin mai ya ja baya kafin ya biya kansa, bankin da ya ba da rance ne zai kwana da ciwon kai.

Kawuna yana son sayar da gona ya sayi tsohuwar tanka. Na tuna masa a 2025 Dangote ya sanar da motoci 4,000 masu aiki da gas da za su kai mai gidajen mai kai tsaye. Na ce, "Kawu, a shekara nawa za ta mayar da kuɗinta?" Ya ce bakwai, in hanya ta yi kyau. Har yanzu muna kan musu.