Daren Da Yaƙin Fim Ya Ci Yaran Gaske

Wannan makon za mu koma shekarar 1982.

Ranar 23 ga Yuli, wajen ƙarfe biyu na dare, ana ɗaukar fim ɗin Twilight Zone a Indian Dunes da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. An gina ƙauyen Biyetnam na wucin gadi a bakin rafi. A tsarin labarin, jarumin, Vic Morrow, zai ɗauki yara biyu ya tsallaka ruwa da su, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a kansu, bama-bamai na tashi. Yaron shekararsa 7, yarinyar 6.

Wutar bama-baman ta lalata farfelar wutsiyar jirgin, ya rikito musu. Nan take su ukun suka mutu.

Dokar Kalifoniya ta hana sa yara ƙanana aiki a irin wannan lokaci, don haka aka ɗauke su a ɓoye, ba takardar izini. An gurfanar da darakta John Landis da wasu mutum huɗu bisa zargin kisa ba da gangan ba, amma kotu ta wanke su a 1987. Abin lura gare mu: Landis ne da kansa ya rubuta wannan sashe, kuma manufarsa ita ce nuna jarumin yana ceton yaran da yaƙi ya rutsa da su.

Cutarwar ba ta tsaya ga jiki ba. A 2007, fim ɗin The Kite Runner ya nuna an yi wa wani yaro ɗan Afganistan fyaɗe. Tsoron abin da zai biyo baya ya sa kamfanin ya ɗage fitar da fim ɗin, ya kwashe yaran zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wasa ya raba su da gida.

Yaron da ke cikin labari tawada ne, amma wanda zai tsaya gaban kyamara ɗan wani ne. Duk mai fatan rubutunsa ya zama fim, ya tuna cewa inda ya rubuta kuka, yaro ne zai yi shi, ya kuma koma unguwarsu da shi. Takalmi ɗaya a bakin ƙofa kan isar da abin da jini ba zai isar ba. Kafin ka rubuta fitowar yaro a fagen yaƙi, tambayi kanka: da ƙanena ne, zan bari?